Kafin Janice Tjen akwai Yayuk Basuki: ina matsayinta a tarihin tanis?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da Janice Tjen, 'yar tanis ta Indunusiya, ta ɗauki kofin Chennai a farkon Nuwamban 2025 nake ganin yara suna yaɗa cewa yanzu ne Indunusiya ta shigo harkar tanis. Wannan magana ba haka take ba, kuma tana ci mini rai. Yarinyar ta yi ƙoƙari, Allah ya ƙara mata nasibi. Amma tun ba a haife ta ba ƙasar take da Yayuk Basuki. An haifi Yayuk a Yogyakarta a 1970. Ta kai kwata fainal a Wimbledon a 1997, a watan Oktoban shekarar kuma ta hau matsayi na 19 a duniya, wanda har zuwa yau da nake wannan rubutu babu wata 'yar ƙasarsu da ta taka shi. Kofunan WTA, wato ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis ta duniya, shida ta ɗauka a wasan ɗaiɗai, tara a na bibbiyu. Ta je Olamfik a 1988 da 1992 da 1996 da 2000. A wurina tana cikin manyan mata 'yan tanis da Asiya ta taɓa fitarwa, kuma ba a ba ta haƙƙinta ba. Duk mai ja, ga fili ga mai doki.

Mai Raket: Wa alaikumussalam Baba. Allah ya ƙara girma, amma ni ina da ja. A duba inda ta ci kofunan nan shida. Pattaya a 1991 da 1993, Kuala Lumpur a 1992, Jakarta a 1993 da 1994, sai Beijing a 1994. Duk a Asiya, duk ƙananan gasanni waɗanda su Steffi Graf da Monica Seles ba sa zuwa. Daga 1994 kuma ba ta sake ɗaga kofin ɗaiɗai na WTA ba. A zamaninta ma akwai Kimiko Date ta Japan da ta kai na 4 a duniya a 1995, ta kuma buga wasan kusa da na ƙarshe a manyan gasannin Ostireliya da Faransa da Wimbledon. Ba a ma maganar Li Na ta Sin mai manyan kofuna biyu, 2011 da 2014. Ina Yayuk a cikin waɗannan?

Ƙanwar Maza: Ni yau na fara jin sunanta wallahi. Ku ci gaba, ina biye.

Anti Koci: Ƙanena Mai Raket, ka kawo kofuna ka bar Wimbledon, babbar gasar London da ake bugawa a kan ciyawa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Mata 128 ne suke fara gasar. Yayuk ta shiga cikin 16 na ƙarshe a 1992, ta maimaita a 1993, da 1994, da 1995. Shekara huɗu a jere. A nan babu batun manya ba su zo ba, kowa yana nan. A 1992 Martina Navratilova ce ta tare ta a zagaye na huɗu, matar da ta ɗauki Wimbledon sau tara. A 1997 da ta kai kwata fainal Jana Novotná ce ta cire ta, wadda ta kai wasan ƙarshe a shekarar, ta kuma ɗauki kofin a shekara mai bi. Makonni kaɗan kafin nan Yayuk ta buga wasan ƙarshe a Birmingham, shi ma a kan ciyawa, Nathalie Tauziat ta Faransa ta doke ta.

Bari in gaya muku abin da ya sa ciyawa ta karɓe ta, don ni abin da nake koya wa yara ke nan kullum. A filin daɓe ƙwallo tana dira ta taso daidai ƙugu, ka samu lokacin shirya hannu. A ciyawa, musamman irin ta wancan zamani, tana dira ne ta zame ƙasa-ƙasa. Yayuk ba doguwa ba ce. Idan ƙwallo ta zo mata ta hagu sai ta saki hannu ɗaya, ta kwantar da fuskar raket ta yanke ta daga sama zuwa ƙasa, ƙwallon ta tsallake raga da ƙyar ta kwanta a gaban abokiyar karawa. Doguwar Baturiya dole ta durƙusa ta ɗago ta. Da ta ɗago, Yayuk ta riga ta zagaya ta tsaya da hannun dama, wanda shi ne makaminta, ko kuma ta matso raga ta kashe. Ba ƙarfi ne ya kai ta inda ta kai ba, tsari ne. Masu cewa salon Janice Tjen ya yi kama da na Ashleigh Barty, 'yar Ostireliya da ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, su je su nemi tsofaffin bidiyon Yayuk su kalla.

Baban Hanifa: Allah ya yi miki albarka Koci. Ki ƙara masa da Olamfik ta Barcelona 1992. Ta doke Mary Pierce a zagaye na biyu, sai Jennifer Capriati ta cire ta a na uku, Capriati ɗin kuma ita ta tafi da zinaren bayan ta doke Graf.

Mai Raket: Anti na ji. Amma ku lura, duk labarin naku "ta kai, aka cire ta" ne. Tanis wasa ne da ake tuna wanda ya ɗaga kofi. Ban ce ba ta iya ba, na ce a ajiye ta a mazauninta.

Ɗalibin Yogya: Salamu alaikum. Na yi karatu a garin da aka haife ta, shi ya sa zan sa baki. Wanda bai zauna a Indunusiya ba ba zai gane irin tudun da matar nan ta hau ba. Can badminton ne wasan ƙasa, bulu tangkis suke ce masa. Bayan la'asar idan ka bi lunguna za ka ga yara sun ɗaure igiya daga tagar wani gida zuwa sandar wuta, silifa a ƙafa, wasu ma babu, suna buga ƙwallon gashin kaza har babur ya zo su ɗaga igiyar ya wuce su ci gaba. Iyaye mata suna zaune a bakin ƙofa suna ƙirga musu maki. Tanis kuwa sai ka je kulob ko filin wata ma'aikata ko jami'a, ka biya kuɗin awa, kuma duk filayen da na gani na daɓe ne, ban ga na ciyawa ba.

A Barcelona ɗin nan da Baba ya ambata, a nan Susi Susanti ta ci wa Indunusiya zinaren Olamfik na farko a tarihinta, Alan Budikusuma shi ma ya ci na maza, duk a badminton. To ka ga ƙasa ta dawo gida da zinare biyu, wa zai tsaya yi wa mai zagaye na uku a tanis kiɗa? Duk yaro mai saurin ƙafa da kaifin ido badminton ake kai shi, can kuɗi da kociyoyi da daraja suke. Duk da haka idan ka ambaci Mbak Yayuk a gaban dattawan Yogya sai ka ga sun gyara zama. Mbak ɗin kamar mu ce Yaya ko Anti.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba ku taɓo shi ba. Mijinta, Hary Suharyadi, ɗan tanis ne shi ma. Tare suka ci zinaren wasan mace da namiji a gasar Asiya ta Beijing a 1990, suka yi aure a 1994, shi ne kuma kocinta. Duk manyan nasarorinta na 1997 da 1998 tana matar aure ta yi su. A 1999 ta haihu, sannan ta dawo fili, ta je Olamfik ta Sydney a 2000, ta kuma ci kofin bibbiyu a Dubai a 2001 tare da Caroline Vis ta Holan. Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san abin da jiki ke zama. A wancan lokacin kuma babu irin tallafin da ake yi wa masu jego a tanis yanzu.

Mai Raket: Hajiya, da za ki yi mini uzuri, nan ma ina da magana. Ina ganin abubuwa biyun nan su suka tsayar da ita a 19. Mace tana shekara 28, tana ganiyarta, sai ta tafi hutun haihuwa. Sannan da ta koma Turai ko Amurka da zama ta ɗauki kocin da ya saba da manyan gasanni, wataƙila da ta shiga goman farko. Miji ba zai iya gaya maka gaskiya mai ɗaci kamar baƙo ba.

Maman 'Yan Biyu: Ɗana, ba ka yi aure ba ke nan. Babu mai gaya wa mace gaskiya mai ɗaci irin miji. Kuma ka tsaya ka yi tunanin rayuwar 'yar tanis. Daga Janairu zuwa Nuwamba tana kan hanya, yau otal ɗin Melbourne, gobe na Paris, abinci ba nata ba, yare ba nata ba. Idan ta faɗi a zagayen farko ita kaɗai za ta koma ɗaki da baƙin cikinta. Da yawa kaɗaici ne ke karya su, ba abokan karawa ba. Ita tana da wanda za ta yi wa magana da harshen gida. Ni ina ganin shi ya sa ta daɗe. Batun haihuwa kuwa, ba ta ci bashin kowa ba da za a ce ta jinkirta zuri'arta don mu ji daɗin lissafi.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba da muhawara cikin mutunci. A tsaya a kan wasa, a bar cikin gidan mutane.

Anti Koci: Li Na da kake misali da ita ma ai mijinta Jiang Shan ya daɗe yana horar da ita. Wannan ba hujja ba ce.

Amma bari in koma kan ƙananan gasannin da ka raina, domin a wurina su ne zuciyar maganar. Yarinya daga ƙasa irin Indunusiya ba za ta farka ta tsinci kanta a Wimbledon ba. Sai ta tara maki, maki kuma a gasa ake samu, gasa kuma idan tana London ko New York sai an biya jirgi da otal na mutum biyu kafin a buga ƙwallo ɗaya. A zamanin Yayuk ana gasar WTA a Jakarta daga 1993 zuwa 1997, ana kuma wata a Surabaya daga 1994 zuwa 1997. Ga Pattaya a Tailan, ga Kuala Lumpur, duk tafiyar 'yan awoyi. Ta ci na Jakarta da Pattaya da Kuala Lumpur, ta tara maki, makin ya sa tana shiga manyan gasanni kai tsaye ba tare da wasan share fage ba. Kamar tsani ne, ba a yaba matakin ƙasa amma idan ka cire shi babu mai hawa soro. Kuma cin ƙaramar gasa a gida ba sauƙi ba ne. Kowa ya zo ne ya ga kin ci, idan kika faɗi gobe jaridu ke za su ɗauka.

Baban Hanifa: Ai shaidar maganarki ita ce Angelique Widjaja. 'Yar Bandung, an haife ta a 1984. A 2001 ta ci Wimbledon ta matasa, ta doke Dinara Safina a wasan ƙarshe, Safinar da ta zo ta zama ta ɗaya a duniya. A shekarar aka kawo gasar WTA Bali, aka ba yarinyar gurbin alfarma saboda 'yar gida ce. Tana matsayi na 579 a duniya, tana shekara 16, ta share kowa ta ɗauki kofin. A lokacin ba a taɓa samun mai matsayi ƙasa haka ta ci kofin WTA ba. Da babu gasa a Bali wa zai ba ta gurbi?

Ƙanwar Maza: To Baba ina ta shiga? Irin wannan ai na ɗauka za ta wuce Yayuk nesa ba kusa ba.

Baban Hanifa: Kowa haka ya ɗauka 'yata. A 2002 ta ci gasar Faransa ta matasa, ta doke Anna Kournikova a zagayen farko na US Open, ta ci kofin Pattaya. A 2003 ta kai na 55. Daga nan rauni ya sa ta gaba, musamman gwiwa, har ta ajiye raket a 2008 ba ta cika shekara 25 ba. Ni har yau idan na tuna ta sai in ji tausayi, don baiwar da Allah ya yi mata ba ƙarama ba ce. To ki auna wannan da Yayuk. Zinarenta na farko a gasar Asiya a Seoul ta ci shi a 1986, a wasan bibbiyu tare da Suzanna Anggarkusuma, tana shekara 15. Zinaren ɗaiɗai kuma ta ci shi a Bangkok a 1998, ta doke Tamarine Tanasugarn ta Tailan a gaban 'yan Tailan ɗin. Shekara goma sha biyu tsakani. Tashi ba wuya, zama a sama shi ne aiki.

Ɗalibin Yogya: Kuma a tuna wace irin shekara ce 1998 a Indunusiya. Kuɗinsu rupiah ya karye. Dalar da ake saya wajen 2,400 a tsakiyar 1997 ta haura 15,000 a tsakiyar 1998. An yi tarzoma a Jakarta, Shugaba Suharto ya sauka a watan Mayu bayan sama da shekara talatin. A ƙarshen wannan shekarar ta kawo musu zinare.

Mai Raket: Wannan gaskiya ne, amma ita karyewar kuɗin ba ta taɓa ta sosai ba, da dala ake biyanta. Waɗanda abin ya daka su ne yaran da ke bayanta. Gasar Jakarta ba ta sake dawowa ba bayan 1997, ta Surabaya kuma aka kai ta Kuala Lumpur kafin ta dawo Bali a 2001. Uba mai albashin rupiah da me zai tura 'yarsa gasa a waje? A wannan gaɓar ina tare da Anti Koci. Daga 2011 ma da aka yi gasar ƙarshe ta WTA a Bali aka ɗauke ta zuwa Sofia. Shi ya sa daga Widjaja a US Open ta 2004 ba a sake ganin 'yar Indunusiya a babbar gasa a wasan ɗaiɗai ba sai Janice a 2025. Shekara 21. Amma wannan ya ƙara mini ƙarfi ne. Idan Yayuk ta kai girman da kuke faɗa, me ya sa ba ta bar magada ba? Li Na ta ci kofi, tanis ya bunƙasa a Sin. Yayuk har majalisar dokokin ƙasa ta shiga daga 2014 zuwa 2019 a jam'iyyar PAN. Me ya canza?

Anti Koci: Ka ɗora wa mace ɗaya aikin hukuma. Akwai PELTI, hukumar tanis ta ƙasar, akwai ma'aikatar wasanni, akwai kamfanoni. Sin kuma ta zuba kuɗi ta gina filaye ta janyo gasanni, Li Na ba ita ta gina su da hannunta ba. Ɗan wasa yana nuna cewa abu mai yiwuwa ne, wannan shi ne nasa. Kuma ba gaskiya ba ne a ce an yi shiru gaba ɗaya. Aldila Sutjiadi fa? Ta ci zinaren mace da namiji tare da Christopher Rungkat a gasar Asiya ta 2018 a Palembang. Ta ci kofin bibbiyu a Bogotá a 2022, ta ƙara uku a 2023, ta kai na 26 a duniya a bibbiyu.

Ƙanwar Maza: Anti ba ita ce aka kora a gasar Faransa ba? Na tuna na ga bidiyon.

Anti Koci: Ita ce, a 2023, amma ba ita ta yi laifin ba. Abokiyar wasanta Miyu Kato ta Japan ce ta tura ƙwallo ɗaya gefen bayan an gama maki, ba da fushi ba, sai ta sami yarinya mai tsintar ƙwallo, yarinyar ta fashe da kuka. Alƙali ya fara da gargaɗi, daga baya aka kira babban alƙalin gasa ya kore su su biyun. Ni har gobe ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Bayan 'yan kwanaki sai ga su sun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na mace da namiji, kowace da nata abokin, Kato ta yi nasara ta kuma ɗauki kofin. Ba su rabu ba, a watan Agustan shekarar suka ci Cleveland tare.

Baban Hanifa: Tunda an shigo bibbiyu, a rubuta wannan ma. Yayuk ta kai na 9 a duniya a 1998. Ita da Nana Miyagi ta Japan sun kai wasan kusa da na ƙarshe a US Open a 1993, ita da Vis kuma sun ci gasar Kanada a 1997, wadda ba wanda zai kira ƙarama. Sau biyu, 1996 da 1998, 'yan'uwanta 'yan wasa suka zaɓe ta suka ba ta lambar Karen Krantzcke ta kyawun hali a fili. Waɗanda kike dokewa su zaɓe ki, wannan ba a saye shi.

Ɗalibin Yogya: Abin lura shi ne su biyun nan na yanzu ba ta hanyar Yayuk suka bi ba. Aldila ta Jami'ar Kentucky ta bi, Janice ta fara a Oregon ta gama a Pepperdine a 2024. Jami'ar Amurka ce ta ba su koci da fili da likita da gasa duk mako, ga digiri a hannu. Abin da gida bai iya ba su ba ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Da 'yata ce ni ma nan zan tura ta. Gwiwa idan ta tafi, takarda tana nan.

Mai Raket: To ni dai ga matsayata, ban sauya ba. Li Na a sama, Date a bayanta, Yayuk a sahu na gaba. Kuma ina sa ran Janice za ta wuce 19 ɗin nan. Tana matsayi na 149 ta fito daga share fage ta doke Veronika Kudermetova a US Open, ta kai wasan ƙarshe a São Paulo, ta doke Kimberly Birrell ta ci Chennai, ta haɗa da kofin bibbiyu ita da Aldila a gasar ɗaya. Duk a 2025, tana shekara 23 kacal.

Anti Koci: Allah ya sa, ni ma fatana ke nan. Amma ka tuna yadda Emma Raducanu ta yi mata a zagaye na biyu na US Open ɗin, 6-2, 6-1. Maki a tanis mako 52 yake yi ya faɗi. Duk abin da ta tara a Satumba da Oktoba da Nuwamban 2025, a 2026 sai ta sake cin irinsa, kuma wannan karon kociyoyi sun kalli bidiyonta, sun san za su riƙa jefa mata ƙwallo mai tsalle sama ta hagu don su hana ta yankan nan. Daga sahun hamsin da wani abu zuwa ashirin ba a hawa da ƙananan gasanni kaɗai, sai ana doke 'yan goman farko a manyan filaye. A bar ta ta buga kakar jar ƙasa da ta ciyawa cikakkiya tukuna, sannan mu dawo mu auna ta da Yayuk.